Gidan ƙanƙara na Chennai da baƙon da ya kwana tara a cikinsa

Aikin gwiwar Baba ne ya kai mu Chennai. Sati biyu aka ce mana, sai ga mu mun share wata guda da ɗoriya, domin sau biyu asibitin suna ɗaga ranar aikin ba tare da wani ya tsaya ya yi mana bayanin da zai shiga kunne ba. Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar da ba ya jin yarenta ya san tsawon yini. Da Baba ya yi azahar sai barci, ni kuma in fice yawo don kada kallon silin ya taɓa min ƙwaƙwalwa.

Wata Juma'a na yi salla a babban masallacin Wallajah da ke unguwar Triplicane, na miƙe da ƙafa zuwa bakin tekun Marina in sha iska. A can na ga wani tsohon gini mai kewayayyar gaba, kamar rumbun da aka ɗora wa benaye. Mutanen gari har yau gidan ƙanƙara suke ce masa. Wani ɗan kasuwar Amurka, Frederic Tudor, ya gina shi a 1842 don ajiye ƙanƙarar da ake sarowa daga daskararrun tafkunan ƙasarsu, a loda a jirgin ruwa, a yi watanni a teku kafin ta iso. Ka ji neman kuɗi. Da injin yin ƙanƙara ya fito, cinikin ya mutu, gidan ya koma hannun wani lauya. Shi ne ya sauki wani baƙo na kwana tara a watan Fabrairun 1897, kuma albarkacin waɗannan kwanaki tara yau sunan baƙon ne a jikin ginin: Swami Vivekananda.

Na riga na san fuskar. Na gan ta a kalandar shagon magani, na gan ta a bayan keke napep: saurayi mai ƙiba kaɗan, rawani ruwan goro, hannaye harɗe a ƙirji, manyan idanu. Wallahi na ɗauka ɗan siyasa ne ko tsohon jarumin fim. Mu da muka tashi da fina-finan Indiya muna ganin mun san ƙasar kamar yunwar cikinmu, ashe rawa da waƙa kawai muka sani.

Sunansa na yanka Narendranath Datta. An haife shi a Kalkata ran 12 ga Janairu 1863, ɗan babban lauya, cikin wadata. Ya yi boko mai zurfi, ya karanci falsafar Turawa har ta sa masa shakka a kan addinin gidansu na Hindu. Sai ya dinga bin malaman addini da tambaya guda: kai da kanka ka ga Ubangiji? Kowa ya kewaye. A 1881 ya haɗu da Ramakrishna, wani mai hidimar ɗakin bauta a Dakshineswar wanda ko karatun kirki bai yi ba, shi kuma ya amsa masa da cewa e, ya gan shi kamar yadda yake ganin Narendra, har ma fiye. Da na karanta wannan sai da tsigar jikina ta tashi. Ni Musulmi ne, na san amsar da aka ba Annabi Musa da ya roƙi gani. Aƙidar mutumin nan ba tawa ba ce, kuma ban zo in yi muku kwaskwarimarta ba. Abin da ya tsayar da ni a gidan nan har aka kusa rufewa wani abu ne daban.

A 1884 mahaifinsa ya rasu farat ɗaya, ya bar bashi. Dangin da suka saba cika gidan suka juya baya, wasu har da kai ƙara kan gidan da iyalin ke zaune. Ɗan lauya mai digiri ya koma bin ofis-ofis ba takalmi yana neman aiki, ana korarsa. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa in ya ga abincin gida ba zai isa ba, sai ya ce wa mahaifiyarsa an gayyace shi ci a waje, ya fita ya yini da yunwa don ƙannensa su samu. Wannan ƙaryar na san ta. Na san gidajen da ake yin ta a garinmu, na san wanda ya taɓa yin ta a gidanmu. A ganina duk abin da ya yi daga baya daga nan ya samo tushe, fiye da littattafan da ya haddace.

Ramakrishna ya rasu a Agustan 1886 da ciwon dajin maƙogwaro. Almajiransa matasa suka tare a wani kangon gida a Baranagar, suka ɗau alkawarin zuhudu: ba aure, ba dukiya, ba gida. Daga 1888 Narendra ya ɗau sanda da buta ya shiga duniya. Shekara kusan biyar yana yawo a Indiya, yau a fadar sarki, gobe a bukkar mutanen da ake ƙyamar ko taɓa su. A ƙarshen 1892 ya isa Kanyakumari, inda ƙasar ta ƙare, ya yi iyo zuwa wani dutse a cikin teku ya zauna yana tunani. Abin da ya fito da shi ke nan: masu zuhudu sun cika ƙasa suna koya wa mayunwata falsafa, kuma wannan hauka ne. Malaminsa ya sha faɗa musu cewa addini ba ya shiga cikin da ba komai. Mu ma dai mun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Labarin Chicago shi kowa ke ba ka, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Samarin Madras, wato Chennai ta yanzu, su suka bi gida-gida suna tara masa kuɗin jirgi, a gabansu wani malamin makaranta Alasinga Perumal. Sarkin Khetri, Ajit Singh, ya cika. Ya tashi daga Bombay ran 31 ga Mayu 1893, ya isa Amurka ya tarar taron addinan duniya da ya je dominsa a Chicago sai Satumba, ga shi ba shi da takardar gayyata, ga guzuri na ƙarewa. Wani farfesan Harvard, John Henry Wright, ya rubuta masa wasiƙar shaida. Ran 11 ga Satumba ya miƙe ya kira mutanen zauren 'yan'uwansa mata da maza na Amurka, aka ɓarke da tafi. Kwana huɗu bayan haka ya ba su tatsuniyar kwaɗon rijiya da ya rantse babu ruwan da ya fi rijiyarsa girma, kuma bai cire mutanensa Hindu daga cikin kwaɗin ba. Ni dai jawabin da ya fi burge ni shi ne na 20 ga wata, gajere, inda ya dubi masu tura 'yan mishan Indiya ya ce musu addini ba shi ne ya yi wa mutanensa ƙaranci ba, abinci ne, kuma cin fuska ne ka miƙa wa mai jin yunwa wa'azi. Baƙo, a garin mutane, ba ko sisin kirki a aljihu.

Da ya dawo a 1897 aka yi masa tarbar sarakuna daga Colombo har Madras. A nan ne ya kwana a gidan ƙanƙaran. Ran 1 ga Mayu na wannan shekarar ya kafa ƙungiyar Ramakrishna Mission a Kalkata, kuma rigimar farko daga cikin gida ta taso. Wasu 'yan'uwansa na zuhudu suka ce ba haka malam ya koyar ba. Mai zuhudu aikinsa ibada da neman tsira, ina ruwansa da asibiti da makaranta, wannan ai kwaikwayon Turawa ne. Bai saurara ba. Ya ce musu talaka shi ne abin hidimar, yi masa aiki shi ne bautar. A shekarar nan ɗan'uwansa na zuhudu Swami Akhandananda ya fara rabon abinci a yunwar Murshidabad. Da annoba ta addabi Kalkata a 1899, almajiransa suka fita share kwatamin unguwannin talakawa, tare da wata Baturiya 'yar Ayalan, Margaret Noble, wadda ya raɗa wa suna Nivedita, wadda kuma ta buɗe makarantar 'yan mata a Bagbazar. A ƙasar da shara da kwasar ƙazanta aikin ƙasƙantattun dangi ne tun kaka da kakanni, mai tufa ruwan goro ya riƙe tsintsiya ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai wata wasiƙa da ya rubuta wa wani abokinsa Musulmi, Sarfaraz Husain na Nainital, a 1898, inda ya yarda cewa daidaiton da falsafarsu ke wa'azi a kai Musulmi ne suka fi kusantar aikata shi a rayuwar yau da kullum, ya ce fatarsa ga Indiya ƙwaƙwalwar Vedanta, wato falsafar tasu, a jikin Musulunci. Na ji daɗin ta, amma kada in yi muku rufa-rufa: a wasu jawabansa ya faɗi maganganu masu kaushi a kan tarihin Musulmi. Shi ya sa yau kowa ke jan sa ɓangarensa. Masu kishin Hindu zalla suna ɗaga hotonsa, masu son zaman tare suna karanto wasiƙar nan, gwamnati kuma ta mai da ranar haihuwarsa ranar matasa ta ƙasa tun 1984. Kowa da Vivekanandansa.

Ya mutu ran 4 ga Yuli 1902 a Belur Math, hedkwatar da ya gina a bakin kogi kusa da Kalkata, ciwon suga da asma sun riga sun cinye shi. Shekararsa 39. Kafin mu baro Chennai na je reshensu na Mylapore, na ga ɗakin shan maganinsu na sadaka: layin mata da tsofaffi, a cikinsu har da masu hijabi, ba wanda ake tambaya addininsa.

Daren da na fara zuwa gidan ƙanƙaran na kwashe labarin duka na ba Baba, yana kishingiɗe da ƙafa a kan matashi. Bai ce uffan ba a kan Chicago.

"Ya yi aure?"

"A'a, Baba. Irinsu ba sa aure."

"To uwar fa? Ya bar ta da bashi da ƙananan yara ya tafi neman Allah. Wa ya ci da ita?"

Ban da amsa a lokacin, sai washegari na nemo masa. Abin ya dami Vivekananda har ƙarshen rayuwarsa. Sarkin Khetri ne ya dinga aika mata kuɗi duk wata, kuma a 1901, yana fama da jikinsa, ya ɗauke ta ya kai ta ziyarar wuraren ibadarsu a gabashin Bengal, domin ya ce ya daɗe yana jawo wa danginsa wahala, yana so ya cika mata ko buri ɗaya. Ta rayu shekara tara bayansa.

Baba ya yi shiru yana jan carbi, har na ɗauka barci ya kwashe shi. Can sai ya ce, "Kai, ka kira uwarka yau?"

Ban kira ba. Na duba agogo na cire awa huɗu da rabi. A gida yanzu ta idar da azahar. Na fita baranda inda sabis ya fi kamawa.