Mita 12 a ƙarƙashin ruwan Zanzibar

Ni da ko iyo ban gama ƙwarewa ba, sai ga ni cikin kwale-kwale daga Matemwe mun nufi tsibirin Mnemba don yin nutso, goye da tukunyar iska, dalma ɗaure a ƙugu. Da can na ɗauka oksijin ne zalla a tukunyar. Ashe iskar da kowa ke shaƙa ce aka danna har ma'auni ya nuna 200.

Tun a bakin ruwa mai koyar da mu yake nanata magana ɗaya: "Malam, kome ya faru kada ka riƙe numfashi." A zurfin mita 10 matsin ya ninka na sama, don haka wanda ya cika huhu a can ya taso bai fitar ba, iskar kumbura za ta yi a cikinsa. Wannan na riƙe. Abin da na manta kunne ne. Ko mita uku ban yi ba na ji kamar ana soka mini tsinke, don ban toshe hanci na hura a hankali ba. Mai koyarwar ya yi mini alamar ko lafiya, ni kuma don kada a ga gazawata na ɗaga masa babban yatsa. A ƙarƙashin ruwa wannan yana nufin mu hau sama. Haka muka fito, ya dube ni, na rasa bakin magana.

Karo na biyu na sauka sannu-sannu, ina riƙe da igiya. Shirun da na zata babu shi: numfashina na gurnani, kifaye na gurgurar murjani ƙaras-ƙaras. Jan zanen da ke hannun rigata ya koma toka-toka, domin ja ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa. Sai ga wata kififiya ta zo ta wuce ta gefena, ko kallo ban ishe ta ba. Ni ina ta fafutuka da hannu da ƙafa, ita fiffike ɗaya take kaɗawa ta yi nisa.

Fafutukar nan ce ta cinye mini iska. Ma'aunina ya sauka zuwa 50, na mai koyarwar ko rabi bai ci ba. Muka tsaya minti uku a mita 5 don naitirojin, wato iskar da ke taruwa a jikin mai nutso, ya rage, kamar yadda ake sassauta murfin lemon kwalba kada ya yi tsiri.

Da na ce washegari da asuba jirgina zai tashi, sai ya ƙirga da yatsu awa 18 da ake jira tsakanin nutso da hawa jirgin sama, ya hana ni nutson yamma.