Bes Ɗin Da A Da D Suka Yi Ƙasa

Talata, da dare.

Aiki ɗaya ya cinye wunin yau: jitar bes mai tsirkiya huɗu (E, A, D da G), ƙirar Jazz Bass ta kamfanin Fender, irin kwaikwayon nan masu sauƙin kuɗi. Mai ita matashi ne da ke kaɗa wa mawaƙan cocinsu. Ya ce, "Oga, E da G suna tashi sosai, amma da na koma A da D sai ka ce an rage min wuta. A canza min fikof kawai." Fikof, wato maganadisu da naɗin waya (koyil) da ke ɗaukar sautin tsirkiya, lafiyarsa lau. Da wuya ka ga koyil ya lalace ta yadda tsirkiya biyu za su yi ƙasa biyu su yi sama, domin a Jazz waya ɗaya ce ta naɗe duk maganadisun guda takwas. In ta tsinke, duka ne za su yi shiru.

Ban jona ta da amfilifaya ba tukuna, saboda ɗaki yana yi wa kunne ƙarya. E da ba a danne ba tana kaɗawa a 41.2 Hz (yawan girgiza a daƙiƙa), A a 55, D a 73.4, G a 98. Ɗakin da tsawonsa ya kai mita 4 yana kumbura sautin da ke wajen 43 Hz, wato dab da E. A irin wannan ɗaki ko wace bes ka ɗauko za ka rantse E ta fi ƙarfi, ka matsa taki biyu kuma ka ji ta ɓace. Sai na jona ta kai tsaye da kwamfuta, na buɗe manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, na ƙure boliyom biyu da na ton, ba wani gyaran sauti a tsakani. Kowace tsirkiya na ja ta da yatsa ɗaya, a wuri ɗaya tsakanin fikof biyu, a sake, sannan a danne a firet (ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita) na 5, sannan na 12. A da D sun gaza E da kusan desibel (ma'aunin ƙara) 4. Kunne yana jin wannan sarai. Abin da nake nema shi ne kada tazarar ta wuce 2.

Tsirkiyoyin na fara dubawa. A ba 'yar gidan ba ce: ta taɓa tsinkewa aka sa wata daga wani saiti, ta fi saura haske, ga kaushi a yatsa, alamar ta ƙarfe mara tsatsa ce tsakanin masu rufin nikel. Maganadisu ba ya amsa ƙarafan nan iri ɗaya, kuma tsohuwar tsirkiya da zufa da dauɗa suka cika tsakanin naɗinta ba ta kaifin sabuwa. Duk awon da aka yi a kan irin wannan gauraye ɓata lokaci ne. Na cire duka na sa sabon saiti mai lambar kauri 45, 65, 85, 105.

Wajen sa su akwai abu uku da ke kashe sauti ba a sani ba. Kada a naɗe tsirkiya a kan kunnen ɗaure ta da hannu, a bar makullin ya ja ta, in ba haka ba cikinta yana murɗewa, ta fito a dushe tun ranar farko. Bayan an ɗaure, a danna ta da babban yatsa dab da gaban jaki, ƙarfen da ke tallafe tsirkiyoyi a jikin jitar, don ta karye daidai a kan sirdinta, inda take zaune a jakin, musamman E mai kauri da ke son yin baka. Sai A. A kan jita irin ta Fender ɗan faifan da ke danne tsirkiya D da G kaɗai yake riƙewa, A ba ta da mai danne ta. A bar mata tsawon da zai yi naɗi uku, kowane naɗi yana sauka ƙasa da na baya, don ta zauna daram a cikin tsagarta da ke bakin wuya. In ta yi sako-sako a can sai ta riƙa ɗan zuza in an kaɗa ta a sake, ƙarfinta ya zube.

Daga nan wuya. Fikof shi ne na ƙarshe, domin duk abin da aka taɓa a wuya ko a jaki yana sauya nisan tsirkiya da maganadisu. Na sa kafo, maƙalin da ke danne tsirkiyoyi, a firet na 1, na danne E a firet na ƙarshe, na zura fila geji, siririn ƙarfen awo, tsakanin tsirkiya da firet na 8 don auna gantsarewar wuyan. Awon da Fender ke bayarwa ga wuya mai fuska mai lanƙwasar inci 9.5 shi ne milimita 0.3. Wannan ta wuce 0.6, hunturu ya yi aikinsa a kan itacen. Na sassauta tsirkiyoyi, na ɗaure rodin cikin wuya, mai miƙe shi, da makullin alanki kwata ɗaya na zagaye, na sake saiti, na bar ta ta huta kafin in ƙara. Wanda ya murɗa rodi zagaye guda a tashi ɗaya yana neman sayen sabon wuya ne.

Tsayin tsirkiya ana auna shi a firet na 17, daga saman firet zuwa ƙasan tsirkiya: E milimita 2.4, G milimita 2, A da D su bi tsakani. To a nan ainihin matsalar take, kuma kowace Jazz mai shimfiɗaɗɗen fikof tana da ita. Fuskar wuya a lanƙwashe take, tsakiya ta fi gefe tudu, dole tsirkiyoyin tsakiya su bi wannan tudu. Shi kuwa fikof a miƙe yake. A lanƙwasar inci 9.5, A da D sukan fi E da G nisa da maganadisu da milimita 1 zuwa 1.5.

Yanzu a duba lissafin. Wani ya riga ya ɗaga fikof ɗin nan har saura milimita 1.5 ya taɓa E, wai don a sami ƙara. Ke nan A tana nisan 3, ninki biyu. In aka sauke fikof ɗin E ta koma 3.5, A za ta zama 5, bai kai ninki ɗaya da rabi ba. Tazarar milimitar ba ta sauya ba, amma bambancin ƙarar ya ragu ƙwarai. Shi ya sa maganin A da D masu rauni yawanci saukewa ne, ba ɗagawa ba. Ƙarar da aka rasa gaba ɗaya, amfilifaya zai biya ta da ɗan murɗa maɓallin ƙarin ƙarfi (gen). Ga kuma ribar ƙafa: in maganadisu ya matso da yawa yana jan tsirkiya, sautin ya riƙa rawa sama da firet na 12, allurar na'urar saiti ta kasa tsayawa, kuma in an ja da ƙarfi tsirkiya ta doki kan maganadisu ka ji ƙwas a sifika.

Awon fikof ana yinsa ne da tsirkiya a danne a firet na ƙarshe, rula a kan maganadisu. Mafarin da Fender ke bayarwa shi ne 2.8 gefen E, 2 gefen G, ga masu ƙirar da kuma 3.2 da 2.4. Mafari ne kawai. Kowane fikof na Jazz sukur huɗu ne, biyu wajen E, biyu wajen G. A riƙa murɗa su bibbiyu, rabin zagaye, a sake ɗauka a duba mita. Na gaba (wajen wuya) shi kaɗai, na baya (wajen jaki) a kashe, sannan a juya. Na kusa da jaki yakan so ya fi matsowa, don a wurin tsirkiya ba ta lilo da faɗi.

Da na sassauta na gaba don in ɗan ɗaga gefen G, sukur ya fito, fikof bai biyo shi ba. Soson da ke ƙarƙashinsa ya mutu, ya lafe ya zama baƙin danƙo. Sukur turawa ƙasa kawai yake yi, soso ne ke ɗagowa. Na kankare tsohon, na yanka sabo mai tauri, kauri wajen santimita 1, na kula kada ya danne wayoyin da ke ƙasa. Soson katifa mai laushi ba ya yi, kafin a jima ya kwanta.

Masu Precision, wata ƙirar bes ta Fender, sun huta da rabin wannan wahala. Tun 1957 fikof ɗinta gida biyu ne, ɗaya na E da A, ɗaya na D da G, kowanne da sukur biyu. Sai a ɗaga gefen A da gefen D, a sauke na E da na G, su tsaya kamar jinka, su bi lanƙwasar wuya daidai.

Abin da ba a yi shi ne buga maganadisun E da G ƙasa da guduma, ko turo na tsakiya sama. A fikof ƙirar da, wayar koyil a jikin maganadisun take naɗe, kaurinta wajen milimita 0.06. Motsi kaɗan ya isa ya yanke ta, sai naɗi sabo. In A da D sun ƙi tashi duk da saukewa, ana iya ɗora siririn washa a kan maganadisunsu, amma na ƙarfen da maganadisu ke kamawa. Na tagulla ba ya ƙara komai.

Inda na tsaya: na gaba 3.5 a E, 2.8 a G. Na baya 3 da 2.4. Tazara ta dawo ƙasa da desibel 2. Na bar G ta ɗan fi a mita da gangan, don siririya ce, in ganga da fiyano suka shigo ita ke fara nutsewa.

Saura wuri ɗaya, firet na 6 da na 7 a kan G, sautin yana mutuwa da wuri. Na jingina kan jitar da katakon ƙofa na sake kaɗawa, sai ya ja dogo. Wuyan ne ke shanye wannan sautin, sanannen hali ne na bes masu tsawon tsirkiya inci 34, kuma ba sukur ɗin fikof da zai taɓa shi. Ƙarin nauyi a kan jitar yana matsar da wurin zuwa wani firet, ba ya kawar da shi. Mafi sauƙi shi ne a ɗauki wannan sauti a kan D, firet na 11 da na 12.

Da yamma mai ita ya gwada a amfilifaya, ya tambayi ko ya sayi kwamfiresa, na'urar da ke danne sautin da ya yi ƙarfi. Ta yi kyau, a sa ma'aunin dannewarta a 4:1, tana rage kamar desibel 3 a wurin da aka ja da ƙarfi. Amma na lura yatsansa in ya ja G, D ko A yana sauka a kan tsirkiyar da ke sama ya tsaya, a E kuwa ba abin tarewa, sai ya fizge ta. Ya kafa babban yatsa a gefen fikof ya bar yatsan ya sauka a kansa, E ta lafa nan take.

Ƙananan sukur ɗin sirdin A suna kwancewa da kansu saboda girgiza, shi ma yana sauke tsirkiya ya ɓata awon. Na ɗiga musu jan farce mara launi bayan na gama daidaita sauti a firet na 12. Na ce ya dawo da ita in damina ta zauna, wuyan zai sake motsi, a sake awo tun daga firet na 8.