Kwana Biyu a Yankari da Gonar da Giwa Ta Cinye

A makon jiya na dawo daga gandun dajin Yankari, kuma har yanzu ƙarar rassan da giwaye ke karyawa a bakin kogin Gaji ba ta bar kunnena ba. Mu huɗu muka tashi daga Katsina a motar wani abokina, muka kwana a Bauchi, da asuba muka kama hanyar Gombe har Dindima, inda ake karkata zuwa ƙofar Mainamaji a ƙaramar hukumar Alkaleri. Babu wani abin faɗa game da hanyar, in ban da wani jami'i a ɗaya daga cikin shingayen bincike, wanda ya sa muka sauke kayanmu kaf, sannan ya tambaye mu cikin gatse ko mun rasa yadda za mu yi da kuɗi ne da za mu baro garinmu don kallon birai. Na yi shiru, domin a lokacin ni kaina ba ni da amsa ta kirki.

Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki tafiyar sama da kilomita 40 ce cikin daji, kuma itatuwa ne suka fara ba ni mamaki tun kafin in ga dabba ko ɗaya. Ga kawo, ga marke, ga taura, kowanne tsaye da kaurinsa, babu saran gatari a gindinsa, babu buhunan gawayi jere a bakin hanya. A wajenmu irin waɗannan sun daɗe da shiga murhu. Kakana ya sha ba mu labarin namun dawan da ya gani a dajin Rugu da ƙuruciyarsa, amma yau duk wanda ya ji sunan Rugu ɓarayin daji ne ke faɗo masa a rai. Yankari kuwa an keɓe shi tun 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006, kuma faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Bambancin da na gani tsakanin dazuzzukan biyu shi ne a nan akwai masu kwana a daji saboda shi.

A Wikki ba mu gama sauke jakunkuna ba wani gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun abokina, ya koma gefe ya zauna yana ci yana kallonmu ko kunya babu. Can kusa da ɗakuna mugun dawa ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo kamar akuyar gida. Da la'asar muka gangara maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, wadda ke fitowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, ɗuminta wajen digiri 31 rani da damina, har mutum yana ganin yatsun ƙafarsa a kan farin yashi.

Fitarmu ta safe mun ga gwambaza da mazo da garken ɓauna, giwa kuwa sai dai kashinta da itatuwan da ta kayar. Da yamma ne ma'aikacin gandun da ke tare da mu ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Giwaye suka fito daga duhuwa ɗaya bayan ɗaya, uwa a gaba, ƙarami yana tuntuɓe a tsakanin ƙafafunta, jikinsu ya yi ja da ƙura. Babbar ta tsaya, ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga dogon hancinta tana shinshina iskar da ta taso daga wajenmu, har na ga gashin idonta. A wuyan ɗaya akwai wani kauri kamar ɗamara, wanda ma'aikacin ya ce na'ura ce da ke nuna musu inda garken yake ta tauraron ɗan'adam. Ya ce waɗanda suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, kuma suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Su kuwa ma'aikatan sukan yi kwanaki suna sintiri a ƙafa, suna fama da mafarauta da masu shigo da shanu, kuma akwai 'yan'uwansu da suka rasa rayukansu a bakin wannan aiki. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke tallafa wa jihar a harkar tsaron. Idan na kwatanta wannan wahala da kuɗin shigar da muka biya, wanda bai kai abin da muka kashe wajen mai tsire a Bauchi ba, ina ganin an yi mana araha fiye da kima.

Wanda ke biyan ainihin kuɗin na same shi ne washegari, a wani ƙauye da ke bakin gandun, inda wani saurayi da muka rage wa hanya ya rantse sai mun gaisa da mahaifinsa. Tsohon bai san mu ba, amma nan take aka shimfiɗa tabarma, aka yanka zabo, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, irin karamcin da ya fara wuya a birni. Bayan mun wanke hannu ya kai ni bayan gari, ya nuna mini gonarsa, inda sawun giwa ya bushe a cikin laka, kowanne kamar bakin turmi.

Na ce, "Baba, duk wannan a dare nawa?"

Ya ce, "Dare ɗaya, ɗana. Saura mako biyu mu yanke dawa. Mun kaɗa gwangwani, mun kunna wuta, mun yi hayaƙin barkono, amma sai da suka ƙoshi."

Ya ce yanzu akwai samarin ƙauyuka da aka ɗora wa aikin lura da giwaye, su buga waya ga ma'aikata idan garke ya doso gonaki, kuma hakan ya rage ɓarna, ko da yake bai mayar masa da damin dawa ko ɗaya ba. Ban ji ya zagi giwa ba. Cewa ya yi ita ma cikinta take nema. A ganina, duk tsarin kare namun daji da bai sa wannan dattijo a lissafi ba, rabin aiki aka yi. Na sayi galan ɗin zuma a hannun ƙanensa a kan kusan rabin farashin Katsina, kuma na ji nauyin yin tayi, na biya yadda ya faɗa.

Kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse mun leƙa su a gurguje, rijiyoyin Dukkey kuwa lokaci bai bari ba. Zaki ko gurnaninsa ba mu ji ba. Muka biyo ta Ningi da Kano, muka iso gida bayan sallar isha, zumar ta tsiyaye kaɗan a cikin but.