Tambayar da ba ta tona asiri: abin da na koya a karatun aikin jin daɗin jama'a

Ranar da na faɗa wa mahaifina cewa zan bar Tawa in tafi Yamai karatun aikin jin daɗin jama'a, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko likita zan zama ko malamar lakkal. Na ce ba ko ɗaya daga cikinsu, amma na kasa yi masa bayanin da zai gamsar da shi, domin ni kaina abin da na sani game da asistan sosiyal bai wuce abin da kowa ya sani ba, wato ma'aikaciyar da ke zaune a wani ɗan ofis a likita, wadda marar hali ke zuwa wurinta idan kuɗin magani ya gagare shi. Na ɗauka aikin rabon taimako ne, kuma mai tausayi ya riga ya mallaki rabin sana'ar.

Karatun lisans shekara 3 ne, zango 6, kuma shekarar farko kusan duk a aji muka yi ta. Mun karanta ilimin zamantakewa, da halayyar ɗan Adam, da doka, da kiwon lafiyar jama'a, da ƙididdiga, da dabarun bincike. An ba mu tarihin sana'ar tun daga gidan Hull House da Jane Addams ta buɗe a unguwar talakawa ta Shikago a 1889, har zuwa Mary Richmond, wadda littafinta na 1917 ya kafa ƙa'idar cewa sai an binciki halin da mutum yake ciki da kyau kafin a yanke irin taimakon da ya dace da shi. Mun haddace yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990. Duk wannan da Faransanci muka koye shi, da Faransanci kuma muka ci jarrabawarsa, alhali mutanen da za mu yi wa aiki da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci suke kawo kukansu. Ban ga nauyin wannan tazarar ba sai da aka tura ni sitaj, wato horon aiki a fili, a shekara ta biyu.

A wata likita ce cikin jihar Tawa, a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa, sashen yara masu tamowa ya cika har ana shimfiɗa tabarmi a baranda. Wata safiya ma'aikatan jinya suka aiko ofishinmu cewa akwai matar da ta ɗaure kayanta za ta tafi gida, alhali ɗanta bai warke ba. An auna dantsensa da zaren awo ya faɗa cikin ja, wato bai kai milimita 115 ba, kwanansa uku kacal ana ba shi madarar magani. Hajiya, shugabar ofishin da ke kula da horona, ta ce in je in yi anket ɗin, wato binciken halin da matar take ciki, da kaina.

Na tafi da takardar bincike da biro. Na tsaya a kanta, ita tana zaune a bakin gado da yaron a cinya, mata kusan goma suna jin mu. Na fara daga layin farko kamar yadda takardar ta jero, na tambayi sunan mijinta. Ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, sai wata mata ta gadon kusa ta amsa mini a madadinta. Na tambayi sunan ɗanta na fari, ta yi murmushin jin nauyi ta kau da fuska. Ni ɗiyar Adar ce, na san mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗan fari, a gidanmu ma haka ake, amma takardar da ke hannuna ta mantar da ni abin da na tashi a cikinsa. Daga nan na zarce na tambayi nawa mijin ke samu a wata, da sau nawa suke ɗora tukunya a yini. Ta ce, “Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri.” Na koma ofis na rubuta cewa uwar ba ta ba da haɗin kai ba, kuma ba ta fahimci haɗarin da ɗanta ke ciki ba.

Hajiya ta karanta, ta ajiye takardar, ta tambaye ni a tsaye nake ko a zaune lokacin da nake magana da matar, kuma su wa ke wurin. Da na faɗa mata, ba ta yi mini faɗa ba. Bayan azahar ta ce in biyo ta, in bar takarda da biro a kan tebur. Ta kira matar bayan ɗaki ƙarƙashin wata bedi, ta cire takalmi ta zauna a tabarma, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi damina da mutanen gida, ta yaba yadda yaron ya fara buɗe ido. Sannan ta ce, “Ƙanwata, wa kika baro wa sauran yaran?” Nan matar ta fashe da kuka. Maigidanta ya tafi bida Libiya shekara biyu ke nan, wata bakwai ba aike ba waya. Ta baro yara uku wurin uwar miji, tsohuwar da ba ta gani sosai, gayaunarta kuma ciyawa na neman cinye ta, idan ta wuce lokacin noma babu abin da za su ci a rani. Ta san ɗanta yana cikin haɗari fiye da yadda na sani. Lissafi take yi tsakanin yaro guda da ke hannunta da yara uku da ke gida, kuma ba za ta iya faɗar wannan a gaban mata goma ba tare da ta tona asirin gidan mijinta ba.

Abin da Hajiya ta yi bayan haka shi ya canza mini fahimtar sana'ar gaba ɗaya. Ba ta ba ta ko dala ba. Ta tambaye ta ko tana cikin asusun mata a ƙauyensu, ta ce tana ciki, irin ƙungiyoyin nan na Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maraɗi a 1991, inda mata ke zubi kowane mako suna ranta wa juna. Da izinin matar aka kira shugabar ƙungiyar a waya, aka kuma kira ƙanen mijin. Kafin magariba an shirya cewa matan za su yi mata gayya a gayaunar, wata maƙwabciya kuma za ta riƙa kai wa yaran fura da tuwo. Matar ta kwance kayanta, ta zauna har aka sallami yaron. Duk abin da ya warware matsalar yana nan cikin ƙauyen tun farko, aikin ma'aikaciya shi ne ta gano shi ta haɗa shi da mai buƙata. Da dare na yaga rahotona na farko na sake wani, kuma har yau ina jin nauyin jimlar da na rubuta a kan wannan baiwar Allah.

Riƙon sirri kuwa a aji layi biyu ne a cikin ƙa'idojin sana'a, amma a gari irin Tawa, inda kowa ya san gidan kowa, jarrabawa ce ta kullum. Wata rana gwaggona ta ga ɗiyar maƙwabtansu ta fito daga ofishinmu, da yamma ta zo har gida tana tambayata abin da ya kawo ta. Na ce, “Gwaggo, ki yi mini aikin gafara, amana ce aka ba ni.” Ta ji haushi, ta ce boko ya sa na fara ɓoye wa iyayena magana, ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ita ta goya ni. Amma na san da kalma guda ta fita daga bakina, da ba wata yarinya a unguwar da za ta sake taka ƙofar ofishin.

Darasin doka shi ne wanda na fi raina wa a shekarar farko, shi ne kuma na koma ina nema da kaina. Shari'ar Hadijatou Mani ta faro ne a jiharmu, a yankin Birnin Konni. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, aka riƙe ta a matsayin wahaya, wato baiwar da ubangida ke zama da ita kamar mata ba tare da ɗaurin aure ba, kuma ko bayan da dokar 2003 ta mai da bauta babban laifi a Nijar, sai da aka ɗaure ta saboda ta auri mijin da take so. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ƙarar ta kai kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta yanke hukunci a Yamai ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa ƙasa ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Wannan shari'ar ta nuna mini iyakar sulhu. Mun saba da a kai magana gaban maigari ko liman a sasanta, kuma sau da yawa hakan ya fi kotu amfani da sauri. Amma akwai inda sasantawa ke nufin mai da wanda aka zalunta hannun wanda ya zalunce shi, kuma ma'aikaciyar da ba ta san doka ba ba za ta gane ta iso wannan wurin ba. Haka batun aurar da ƴan mata yake. Dokar farar hula ta sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, yawancin aure kuma bisa al'ada ake ɗaura shi, sai dai dokar da gwamnati ta fitar a 2017 kan kare karatun ɗiya mace har zuwa shekara 16 ta ba mu abin riƙewa idan muka zauna da uba. A ganina karanta masa doka shi ne mataki na ƙarshe. Kafin nan sai an ji abin da yake tsoro, ko talauci ne, ko abin kunya, ko nisan kwalejin da babu wanda zai riƙe masa ɗiya a can.

Akwai kuma abin da ya shafi ma'aikaciyar kanta. A watan farko na sitaj kuɗin motata ya ƙare wajen saya wa mutane magani da abinci, ina komawa gida in kasa barci saboda fuskokin da na gani. Hajiya ta lura, ta ce mini, “Ɗiyata, aljihunki ba zai kai mako ba, su kuwa gobe ma za su zo.” Ta koya mini sanin abin da ƙasa ta riga ta ba mutum a matsayin haƙƙi, kamar maganin kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka kafa tun 2006, da sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa wa kowace matsala, ko alƙalin yara ne, ko ma'aikatar kare yara, ko magajin gari don takardar haihuwa. Ta sa na buɗe littafi na rubuta lambobin waya da ranakun da kowane ofis ke karɓar mutane. Sadaka ba ta hana ni ba, ta dai ce kada in bari ta zama madadin aikin da aka horar da ni in yi.

Yanzu ina shekara ta uku, ina rubuta kundin kammala karatu a kan matan da mazajensu suka tafi bida daga ƙauyukan Adar, da yadda suke riƙe gida a tsakanin aike da aike. Takardar tambayoyin da na shirya da Faransanci na sake ta da Hausa tun daga tushe, na karanta wa mahaifiyata, ta cire mini tambayoyi huɗu da ta ce ba matar aure da za ta amsa su ga baƙuwa, ta gyara mini yadda zan yi sauran. Sunan miji yanzu wurin maigari nake samunsa kafin in shiga gida, tambayar abinci kuma ta koma ƙarshe, bayan an sha ruwa an saba. Mahaifina ya sake tambayata kwanan baya mene ne aikin nawa, sai na ba shi labarin matar nan da gayaunarta ba tare da na ambaci sunanta ko garinsu ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce idan zan shiga ƙauyukan in fara sauka gidan wani amininsa a Keita, shi zai haɗa ni da masu gari.