Zuwa ga ikilisiyoyinmu na ƙauye: mu buɗe Habakuk a bana

Iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu da ke Gani, Rogo, Tudun Wada, Roni da sauran ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ina gaida fastoci da dattawa, da iyayenmu na Zumuntar Mata, da matasa. Daga Ingila nake rubuto muku, inda nake aikin kula da tsofaffi.

Duk wanda na kira a waya, da an gama gaisuwa sai maganar tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa kasuwa kaɗai ya isa ya hana mutum fita, buhun taki kuwa sai mai hali. 'Yan'uwanmu na kwarin Haɗeja, wajen Auyo, Miga da Kafin Hausa, ba su manta ambaliyar 2022 ba, shekarar da ruwa ya kwashe gonaki ana dab da girbi. Samari sun watse ci-rani, an bar tsofaffi da fartanya.

Shi ya sa nake roƙonku ku karanta littafin Habakuk, sura 3 ne kacal. Wannan annabi da kuka ya fara. Ya tambayi Allah har yaushe zai yi ta kira ba a amsa ba, ga zalunci ya cika ƙasa. Amsar da ya samu ma mai nauyi ce, domin an ce masa Kaldiyawa, wato mayaƙan Babila, na tafe. Duk da haka Allah bai tsawata masa don ya yi tambaya ba. Saboda haka uwar da ta zubar da hawaye a addu'ar asuba don babu abin ɗorawa a murhu, kada kowa ya ce mata bangaskiyarta ta raunana. Raina yana ɓaci idan na ji masu wa'azin da ke cewa talauci alamar zunubi ne, ko su ce ka kawo ɗan abin da ya rage maka a matsayin "iri" don ya ninku. Habakuk bai san wannan koyarwa ba.

Ku duba ƙarshen sura ta 3, aya 17 da 18. Lissafin manomi ne zalla: ɓaure bai yi toho ba, inabi babu 'ya'ya, zaitun ya ƙi, gona ba ta ba da abinci ba, garke babu tumaki, turke babu shanu. Da a ƙasarmu yake, gero da dawa da gyaɗa da riɗi zai ambata. Bai ɓoye asara ko ɗaya ba, sai da ya ƙirga su duka, sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Murnarsa ba a rumbu take ajiye ba, balle gara ko ruwa su cinye ta. Wanda ya mutu dominmu ya kuma tashi, yana nan daram ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Akwai kuma ayar da muke yawan rerawa, Nehemiya 8:10, cewa farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinmu. Sau da yawa rabinta muke ɗauka. A ranar, jama'a kuka suke yi da jin Shari'ar da Ezra ya karanta a Urushalima. Aka ce musu su je su ci, su sha, su kuma aika wa wanda ba shi da komai rabonsa. Ashe da akushi ake kai wannan farin ciki gidan maƙwabci. Haka Bulus ya shaida ikilisiyoyin Makidoniya a 2 Korantiyawa 8: suna cikin matsanancin talauci, amma yawan murnarsu ya sa suka bayar fiye da ƙarfinsu.

Mu ba baƙin wannan ba ne. Mun tashi mun ga ana yi wa gwauruwa gayya a gonarta, mun ga dammunan godiyar kaka jibge a gaban majami'a, mata na guɗa. Kada tsada ta kashe mana wannan ɗabi'a. Kuma idan za a raba, a tuna da maƙwabtanmu Musulmi. Da yawansu ma jininmu ne, rijiya ɗaya muke sha.

Iyayena dattawa, ga roƙona. A zamanku na gaba, ku rubuta gidajen da hatsinsu ba zai kai watan Agusta ba, musamman na gwauraye da marayu, ku ware musu dammuna tun yanzu kafin farashi ya hau. Mu da ke waje za mu haɗa namu mu aiko ta hannun ma'ajin ikilisiya. Ku sa mu a addu'ar Laraba, mu ma nan kewa da sanyi suna gwada mu.

Ɗanku cikin Ubangiji,
daga Ingila.