Yini a taɓon bakin Bahar Maliya

Laraba, Bur Sudan

Ana idar da sallar asuba motar tsangayar kimiyyar teku ta kwashe mu daga Jami'ar Bahar Maliya, muka miƙi hanyar Sawakin. Aikin yau auna itatuwan shura ne, waɗanda ke tsirowa gindinsu cikin ruwan gishiri.

Daga titi sai ka ce 'yan kuranga ne marasa amfani. Sai da na tsunduma cikin taɓo har ƙwauri na ga abin al'ajabi. Saiwoyi sun huda ƙasa sun fito tsaye tsaye kamar fensira, saboda babu iska a cikin taɓon, ta nan itacen yake shaƙa. Na tsinki ganye ɗaya, sai ga gishiri fari ya bushe a kansa. Na lasa, gishiri ne sak. Itacen na shan ruwan teku, ya fitar da gishirin ta ganye. Allah mai iko! A tsakanin saiwoyin kuwa 'yan ƙananan kifaye ne da ƙaguwa suke ta wulgawa. Nan suke girma kafin su fita babban ruwa.

Dakta, malamarmu, ta sa muka ɗiga ruwan a na'urar auna gishiri. Litar ruwan Bahar Maliya na ɗauke da kusan giram 40 na gishiri, alhali na manyan tekuna 35 ne. Babu kogin da ke zuba a cikinta duk shekara, rana na ta busar da ita, mashigar Babul Mandab da ke haɗa ta da babban teku kuma ƙunci gare ta. Shi ya sa itatuwan nan ba sa tsawo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne raƙuma. Duk inda wuyan raƙumi ya kai, ganye ya ƙare, an kuma tattake tsiron da ke ƙasa. Wani dattijo makiyayi yana zaune a gefe, na je na gaishe shi.

"Baba, ba ka gudun itatuwan nan su ƙare?"

Ya ce, "'Yata, kafin ruwan hunturu ya sauka, nuna mini wani kore a faɗin ƙasar nan in kai su."

Ban iya ce masa komai ba, domin gaskiya ya faɗa. Wasu abokan karatuna na cewa a kafa shinge kawai a hana kiwo. Ni ban yarda ba. Mutumin da abincin gidansa ke rataye da nonon taguwa ba a tare shi da waya. Gara a zauna da su a raba wurin, a yi kiwo a wani sashe, wani ya huta ya tofo.

Kuma lamarin ya wuce itace. Saiwoyin nan su ke tare laka idan kwaruruka suka kawo ruwa daga duwatsu, kada ta rufe murjani, 'yan halittun teku masu gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ba sa rayuwa sai a ruwa garau. Murjanin gaɓarmu ne ya sa UNESCO ta saka Sanganeb da Dungonab, gandayen teku biyu na Sudan, cikin wuraren gado na duniya a 2016.

Da dare Inna ta ga taɓo a zanena, ta ce kakanninmu ta Sawakin suka tsallaka zuwa Jidda, ba ta zaci jikarsu za ta zauna karantar ruwan ba. Ta haɗa mini shayi, na hau rubuta rahoto. Na buɗe wa maganar dattijon nan sashe guda, gobe zan roƙi Dakta mu koma mu ji ta bakin sauran makiyayan.