Neman aikin koyarwa a tsibiran Maldibs

Daga tashar Rigasa zuwa Idu, daga Abuja zuwa Doha, babu abin da ya faru da ya isa a ba da labari. Sai da jirgi ya sunkuyo zai sauka na leƙa taga, na ga ruwa gabas da yamma, na rasa inda matuƙin yake nufin ajiye mu. Ashe filin jirgin kansa tsibiri ne guda, Hulhule, kuma gadar da ta haɗa shi da Male, babban birnin ƙasar, sai a 2018 aka buɗe ta da taimakon ƙasar Sin.

Abin da ya kai ni shi ne albashin makarantar kuɗi a Kaduna, wanda ba ya ganin tsakiyar wata. Wani tsohon abokin aikina da ya riga ni zuwa ya shaida mini cewa da Turanci ake koyar da yawancin darussa a can, ɗalibai suna rubuta jarrabawar Kambirij a aji goma, kuma malamai 'yan ƙasa ba su wadatar ba, shi ya sa Indiyawa suka cika makarantu. A bakin shiga aka duba katin rigakafin cutar shawara, aka ba ni izinin kwana 30 na baƙunta, wanda bai halatta wa mutum ya kama alli ba.

Male gari ne da mutum zai zagaye da ƙafa tsakanin la'asar da magariba, amma an cusa masa jama'a da benaye da babura har numfashi yana wuya. Kuɗin da aka yanka mini na ɗaki guda a wata ya fi hayar shekara a Tudun Wada, ga shi ko tabarmar sallah sai an karkace ta. Kifi ne kawai mai araha; tumatir, albasa da shinkafa kusan duk daga waje ake shigo da su, don haka duk wanda ya ji albashi da dala ya fara lissafin gina gida a Rigachikun, ya dakata tukuna ya ga farashin albasa.

A wata makaranta mai zaman kanta na gamu da jami'in da ya ɓata mini rai. Bai ce in zauna ba, ya juya fasfo ɗina da yatsu biyu, ya ce su ɗan Ingila ko ɗan Amurka suke nema. Na ce masa da Turanci na yi karatu tun daga firamare har digiri, kuma ɗaliban da na koyar sun ci jarrabawa, amma ya riga ya mayar da idonsa kan kwamfuta. Ra'ayina dai shi ne, a irin waɗannan wurare launin fasfo ake ɗauka aiki, ba malami ba.

Alheri yana can nesa da birni. Ƙasar tana da tsibirai kusan 1,200, waɗanda ke da mazauna ba su wuce 200 ba, kuma a ƙananan ne ake ƙishirwar malamai. Na bi jirgin ruwan haya zuwa ɗaya daga cikinsu, cikina yana juyawa, ni da ban taɓa ƙetare abin da ya fi kogin Kaduna ba. Wani dattijo mai kula da masallaci ya ga na yi sallah ina sakin hannu, ya tambayi ƙasarmu, ya ɗauki jakata da kansa zuwa gidansa. Da safe aka kawo mas huni, wato kifin tuna da aka murmushe da kwakwa da albasa da barkono, tare da wata siririyar gurasa da suke kira roshi. Na ce, "Baba, nawa ne kuɗin kwana?" Sai ya haɗe fuska ya ce baƙon masallaci ba ya biya.

A farfajiyarsa na ga jikokinsa suna wasa da wuri, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi. Da yawa daga cikin kuɗin wurin da ya zagaya ƙasar Hausa daga waɗannan tsibiran ya fito, kuma Ibn Battuta, da ya taɓa zama alƙali a nan, ya ba da labarin cinikinsa. Rubutunsu na Tana ma daga dama ake fara shi kamar ajami, kantuna suna rufewa idan an kira sallah, hutun mako kuma Juma'a ne da Asabar.

Shugabar makarantar tsibirin ta saurari yadda nake warware darasin fahimtar karatu, ta ce za su nema mini izinin aiki, domin mai ɗaukar aiki ne ke nemansa. Za a ba ni ɗaki, wanda shi ne rabin albashin a ganina.

Dawowa ba ta da labari. Na sauka a Rigasa cikin ƙurar hunturu, kuma yanzu takardar izini nake jira.